Yadda za ka zaɓi wurin ajiye jirginka a bakin ruwa: kwata, dandamali ko na'urar ɗagawa

Mai sabon jirgi yakan kashe duk hankalinsa a kan inji da fenti, sai ranar da aka sauke jirgin a bakin ruwa sannan ya tuna bai shirya inda zai riƙa kwana ba. Jirgi kuwa ya fi daɗewa a ɗaure fiye da a kan tafiya, kuma yawancin ɓarnar da ke samunsa a wurin ɗaurin take samunsa: gefe ya gogu da dutse, ruwan sama ya cika shi da dare, ko ruwa ya janye ya bar shi kwance a taɓo.

Zan yi misali da tafkin Kainji da kogin Kwara a wajen Yawuri, domin nan ne ruwa ya fi wasa da mai gini. Wanda ya fahimci lissafin nan, na Tiga ko na Binuwai ba zai ba shi wuya ba.

Mataki na farko: auna ruwan kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya

Abin da za ka fara nema shi ne tazarar da ke tsakanin inda ruwa yake kaiwa idan ya cika da inda yake komawa idan ya ja baya. Duk sauran shawara a kan wannan take hawa.

Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, tafkin yana hawa yana sauka da kimanin mita 10 a shekara. Cikowa biyu yake samu. Akwai farin ruwa, mai laka, na daminar ƙasarmu, wanda ke ƙarfi a Satumba da Oktoba. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya yi jinkiri a fadamun Mali har lakarsa ta kwanta, ba ya isowa sai da hunturu. Shi ya sa baƙo kan yi mamakin ganin tafki a cike a Janairu alhali ko ɗigon ruwan sama babu, sannan ya tarar da shi a ƙasa wajen Yuli da Agusta ana tsakiyar damina. Wanda ya je ya duba fili sau ɗaya ya yanke shawara, rabin labari ya gani.

Ga yadda za ka yi. Je ka wurin sau biyu, lokacin cikowa da lokacin ja da baya, ka kafa turke a bakin ruwa kowane zuwa. Idan ba za ka iya jiran shekara ba, ruwa yana barin shaida: layin laka a jikin dutse, ciyawa da leda da suka maƙale a rassan itace, inda gonakin rani suke farawa. Sannan ka zauna da sarkin ruwa ko tsofaffin masu fito, ka tambaye su inda ruwa ya tsaya a 2012 da 2022, shekarun manyan ambaliya. Wannan layin shi ne iyakarka ta sama, ba na shekarar da ta zo da sauƙi ba.

Bayan tsayi, auna nisa. Idan gaɓar tana sauka mita 1 a kowace mita 20, ruwan da ya sauka mita 10 ya gudu mita 200 ke nan daga inda ka san shi. Igiyar awo da tiyon ruwa irin na magina sun isa wannan aiki. Zurfi kuwa, gora mai alama a kowace rabin mita: ka shiga kwale-kwale ka riƙa dungurawa, kana rubutawa. Gorar za ta kuma gaya maka abin da ke ƙasa. Idan ta nutse da sauƙi ta fito da baƙin taɓo, ginshiƙi ba zai zauna ba sai ya yi zurfi ƙwarai. Idan ta yi ƙara ta dawo, dutse ne, ba a kafa komai sai dai a ɗora. Yashi da tsakuwa su ne masu sauƙin aiki. Kada ka manta da kututture. Itatuwan da tafkin ya haɗiye suna nan a ƙasa, suna bayyana ne idan ruwa ya sauka, kuma sun sha fasa jirage.

Ta ina iska take zuwa?

Hadarin farkon damina a ƙasarmu daga gabas yake tasowa, da iska mai ƙarfi a gabansa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take. Don haka gaɓar yamma ta faffaɗan ruwa, kamar wajen Shagunu, ita ke karɓar igiyar ruwan da iska ta tara tun daga ƙetare, gaɓar gabas kamar ta Wara kuwa tana da ɗan mafaka daga wannan, amma iskar damina ta kudu maso yamma tana samunta. Ka tsaya a filinka ka duba ta wace fuska ruwa ya fi faɗi ba tare da tsibiri ko tudu ya tare ba. Daga can dukan zai zo. Ɗan lungu ko bakin rafi mai shigowa ya fi buɗaɗɗiyar gaɓa, ko da ya fi nisa da gida.

A kogi mai gudu, dubi kwana. Bayan kwana akwai zurfi, amma nan ruwa yake cin gaɓa. Cikin kwana ruwa a kwance yake, amma nan yashi ke taruwa, bana ka ɗaure jirgi, baɗi yara su buga ƙwallo a wurin. Miƙaƙƙen wuri tsakanin kwana biyu ya fi dawwama. Wurin da ciyawar ruwa da kainuwa suka yi yawa ma a guje shi: suna naɗe farfela, kuma nan dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya yake zama. Inda masunta suka ce dorina na fitowa kiwo da dare, wannan ba sai an yi dogon bayani ba.

Jirginka na katako ne ko na fayiba?

Nan mutane da yawa suke kuskure, domin jiragen biyu buƙatarsu kishiyar juna ce. Jirgin katako ruwa ne ke riƙe shi. Katakon yana kumbura ya matse haɗin, idan ka fitar da shi ka bar shi a rana da iskar hunturu na makonni, sai ya tsotse, haɗin ya buɗe, ranar da ka mai da shi ka yini kana kwarfar ruwa. Irin wannan jirgi matsaya yake so a cikin ruwa, a fitar da shi kawai idan za a yi liƙi da kwalta ko canjin katako. Jirgin fayiba kuwa, wato na roba mai zaren gilashi, idan ya shekara a cikin ruwa gansakuka na kama cikinsa ta rage masa gudu ta ƙara shan mai, kuma ruwa yana iya ratsa fatar waje ya tayar da ƙuraje. Shi ya fi son a ɗaga shi ko a ja shi tudu bayan aiki. Na gorar ruwa ma haka, ga shi ba nauyi.

Sai nauyi. Kada ka tsaya a abin da mai sayarwa ya faɗa, wannan na gangar jiki ne kurum. A ce jikin jirginka kilo 600 ne. Injin Yamaha mai doki 75 ya haura kilo 100, sa 110. Fetur lita 100 kimanin kilo 74 ne. Batir, anga, sarƙa da rigunan ruwa, sa 60. Ka kai 844. Ƙara kashi 20 cikin ɗari na rara, ka wuce tan 1. Sannan ga abin da kusan kowa ke mantawa: ruwan sama. Milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ce, lita ɗaya kuwa kilo ɗaya. Buɗaɗɗen jirgi mai faɗin baki murabba'in mita 12, idan aka yi ruwa na milimita 50 a dare ɗaya, ya sha kilo 600. Saboda haka duk abin da zai ɗauki wannan jirgi, a nemi wanda ƙarfinsa ya haura tan 1.6. Rubuta tsawo, faɗi, da zurfin da ƙafar inji take kaiwa idan an sauke ta. Kana buƙatar aƙalla rabin mita na ruwa a ƙarƙashin farfela a ranar da ruwa ya fi ƙasa.

Yanzu zaɓi

Kafaffiyar gada a kan ginshiƙai, wadda ke miƙewa daga gaɓa zuwa cikin ruwa, ita ce kowa yake fara hangowa, domin ita ce mai kyan gani. Tana aiki ne inda ruwa ba ya hawa da sauka fiye da mita 1 zuwa 1.5, kuma ƙasa tana riƙe ginshiƙi. A Kainji, ni dai ban ga dalilin da zai sa mutum ɗaya ya zuba kuɗinsa a kanta ba. Ka yi ta daidai da cikowa, a Agusta tana tsaye a tudu kamar rumfar kasuwa. Ka yi ta daidai da ƙarancin ruwa, ta yi wata da watanni a nutse, ta zama tarkon jiragen wasu. Idan ruwanka mai natsuwa ne ka zaɓe ta, sa benenta ya ɗara layin cikowa da kamar rabin mita, a kafa kowane ginshiƙi har sai ya ƙi shiga, a ɗaure su da katakon gicciye, a bar ɗan tsakani kamar kaurin ƙusa babba tsakanin allunan bene don ruwa ya zube.

Dandamali mai yawo a kan ruwa shi ne ke bin ruwa duk inda ya je, kuma tsayinsa da bakin jirgi ba ya canzawa, abin da tsofaffi da masu goyo za su gode maka a kai. Ana sayar da na roba masu haɗuwa kamar bulo, amma kafinta da mai walda na gari za su iya yi maka da durom na roba. Lissafinsa mai sauƙi ne. Durom mai lita 200 yana nutsewa gaba ɗaya a ƙarƙashin kusan kilo 200, to kai ka ƙidaya masa kilo 100 kacal, don rabinsa ya zauna a sama. Dandamali mai mita 4 da mita 3 na katako mai ƙarfi zai kai kilo 450. Mutum shida, kilo 420. Buhun masara biyu, 200. Jimla 1,070. Durom 11 ke nan, sa 12. A jera su a gefe-gefe da kusurwoyi, kada a cusa su a tsakiya, in ba haka ba mutum uku suka tsaya a baki ɗaya sai ya karkata. A liƙe murfin kowanne, a juya shi sama, a ɗaure durom da bel ko igiya mai kauri a cikin akwatin katako. Durom na ƙarfe yana tsatsa ya huje ba sallama. Wanda aka zuba maganin feshi ko wani sinadari a ciki kuwa kada ya kusanci ruwan da mutane ke sha suna kamun kifi.

Kada faɗin dandamali ya gaza mita 2. Siriri rawa yake yi.

Abu biyu ne ke kashe dandamali: ɗauri da matakala. Wajen ɗauri, a sa anga biyu ta wajen ruwa, sarƙoƙinsu a gicciye, da igiya biyu zuwa turaku a tudu. Tsawon sarƙa ya kai ninki uku na zurfin ruwa a lokacin cikowa. Idan da kankare za ka yi angar, ka sani ruwa yana rage masa nauyi da kusan kashi 40 cikin ɗari: durom cike da kankare kilo 480 ne a tudu, a cikin ruwa bai fi 280 ba. Matakalar da ke haɗa shi da gaɓa kuwa kada gangararta ta wuce mita 1 a cikin 4. Ruwan da ke sauka mita 1.5 yana son matakala mai mita 6. Mai sauka mita 10 zai so mita 40, wanda ba mai yi. Abin da ake yi a irin wannan wuri shi ne gajeriyar matakala, sai a riƙa matsar da dandamalin gaba ɗaya: ruwa na ja, kana sassauta igiyar tudu kana jan sarƙar anga, ruwa na dawowa kana yin akasin haka. Aikin kowane mako ne. Idan babu wanda zai riƙa yi, kada ka fara, domin dandamalin da ya zauna a kan dutse durom ɗinsa fashewa suke.

Gangarar jan jirgi ita ce na fi ba mai jirgin fayiba shawara a kai. Ba ta da abin da zai lalace sosai, kuma ita ce asalin abin da masu kwata suka saba da shi, gyara kawai aka yi mata. Gangarar da ta dace ita ce mita 1 a cikin 8. Wadda ta fi haka kwanciya, sai motarka ta shiga ruwa kafin jirgi ya taso daga tirela. Wadda ta fi haka tsayuwa, taya na sulɓewa. A wannan lissafi, saukar mita 10 tana son gangara mai mita 80, don haka ba lallai ka zuba kankare duka ba: yi kankare a ɓangaren sama da aka fi amfani da shi, ƙasan a shimfiɗa dutse da tsakuwa. A yi zubin lokacin da ruwa ya kai ƙarshen ja da baya, a ja layuka a fuskar kankaren tun yana ɗanye, domin mai santsi idan gansakuka ta hau shi ya fi sabulu. A jera manyan duwatsu a gefe da ƙarshensa don kada ruwa ya rarake ƙasan.

Idan ba tirela, a shimfiɗa gungume ko bututun roba masu kauri a gicciye jirgi ya mirgina a kai, a kafa winci na hannu, wato na'urar naɗe waya mai jan kaya, a sama a jikin ginshiƙin kankare. Jirgi mai tan 1 a kan gangarar 1 cikin 8 yana jan kilo 125 ne saboda gangara, sai abin da gogayya ta ƙara. A kan abin mirginawa duka-duka ba zai wuce kilo ɗari biyu da wani abu ba, a kan yashi kuwa ya ninka haka. Sayi wincin da ya fi buƙatarka nesa, mai haƙorin da ke hana shi komawa baya. Kuma kada kowa ya tsaya a bayan jirgi ko kusa da waya ana cikin ja.

Na'urar ɗaga jirgi

Wannan a tafkunan Amurka da Kanada ta yi yawa, inda mutum ke da gida a bakin ruwa da ƙaramin jirgin shaƙatawa. Iri uku ne manya. Akwai mai ƙafafu da ake ajiyewa a ƙasan ruwa marar zurfi, a juya wata babbar sitiyari da hannu ko da ƙaramin inji, shimfiɗar da jirgin ke kai ta taso da shi. Akwai mai ginshiƙai huɗu kafaffu da wayoyi, ta manyan jirage. Akwai kuma mai tankunan iska: a sako ruwa cikin tanki ta nutse, jirgi ya shiga, a hura iska ta taso da shi.

Biyun farko tafiyarsu sama da ƙasa ba ta fi mita ɗaya da rabi zuwa biyu ba a yawancin ƙanana, don haka inda ruwa ke sauka da yawa ba su da amfani. Mai tankin iska ce kaɗai ke bin ruwa, sai dai tana son zurfi da dandamali mai ƙarfi da za a maƙala ta. Kafin ka yi odar kowacce daga waje, tambayi kanka wa zai gyara ta idan waya ta tsinke, kuma a ina za ka samo wayar. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230, wannan ma a duba.

A ruwa mai natsuwa, mai walda zai iya yi maka ta gida: ginshiƙai huɗu, ƙarfen gicciye biyu a sama, cenbulok biyu irin na masu sauke injin mota, da bel masu faɗi da za su rungumi jirgin. Bel ɗaya a can baya kusa da inji inda nauyi yake, ɗayan a gaba da tsakiya. A ɗaga su tare, gaba ya ɗan fi baya tsayi, a cire toshiyar magudanar baya don ruwan sama ya fita. Rataya toshiyar a jikin makullin inji, saboda kada ka sauke jirgi ka manta da ita. Ba a ɗaga jirgi da mutum a ciki, ba a shiga ƙarƙashinsa yana rataye. Jirgin katako mai tsawo kuwa kada a rataye shi da bel biyu, bayansa na iya karyewa.

Kaya da izini

Katakon da ya fi saurin ruɓewa shi ne wanda ke jiƙa yana bushewa, wato daidai bakin ruwa. Ƙirya, kawo da maɗaci suna jurewa, gangar giginya kuma ta yi suna wajen ƙin gara, tana yin ginshiƙi. Farin katako na rufi kada ma ka kawo shi. Noti da ƙusa su zama masu rufin tutiya ko ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma a haɗa manyan gaɓoɓi da noti mai ratsawa, domin rawar ruwa tana zare ƙusa sannu a hankali. Igiyar nailan ta fi dacewa da ɗaure jirgi saboda tana miƙewa ta shanye fizga, shuɗiyar igiyar kasuwa kuwa rana ke cinye ta. Tsofaffin tayoyi a gefen dandamali sun isa kariya, a huda ƙasansu kada su tara ruwa sauro ya samu gida.

Wutar lantarki a kan ruwa, a yi hattara ƙwarai. Waya ɗaya da ta fashe tana iya sandarar da mai iyo a kusa ya nutse, ba tare da an ga alamar komai ba. Fitila mai aiki da hasken rana ta wadatar, kuma dole a sa ta a ƙarshen duk abin da ya shiga ruwa don masu tafiyar asuba su gani.

Kafin a fara aiki, nemi yardar ɓangarori biyu. Na farko sarkin ruwa da mai unguwa, domin filin da kake gani fayau wataƙila mashayar shanu ce, ko wurin jan taru, ko inda mata ke wanki. Na biyu hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, wadda aka kafa a 1997, hedkwatarta a Lakwaja. Dokarta ta ba ta iko a kan manyan hanyoyin ruwa irin su Kwara da Binuwai da filin da ke cikin mita 100 daga gaɓarsu, kuma gina gada ko gangara a nan yana son izininta. Je ofishinta na yankinku da zanen abin da kake son yi da awon da ka ɗauka. Idan ruwan dam ne irin Tiga, hukumar raya kogunan yankin za ka nema.

Ranar gwaji, kada ka fara da jirgi. Cika jarkoki da ruwa ka jera a kan dandamali har nauyin da ka lissafa, ka tura su gefe ɗaya ka ga iya karkatarsa, ka bar su su kwana. Da safe ka duba layin ruwa a jikin kowane durom. Wanda ya fi 'yan'uwansa nutsewa yana shan ruwa, a canza shi kafin a kawo jirgi. Na'urar ɗagawa ko winci kuwa, ɗaga jirgin taƙi ɗaya kawai ka tsaya, ka saurari ƙara, ka duba walda da bel, sannan ka ci gaba. Bayan hadarin farko na damina ka sake zagayawa da sifana, za ka tarar da notin da ya saki.